Saƙon Ƙarfe Bakwai na Baba Ɗanasabe

Takarda ɗaya Alhaji Badamasi ya nema a wurin Nafisat, ita kuwa ko minti goma ba ta yi ba ta bugo masa ita, ta sa hannu a ƙasa, har da lanƙwasa wutsiyar sunanta yadda ta saba. Da ta san abin da takardar nan za ta jawo, da ta ɗan dakata. Amma ina! Yarinya ce mai ji da iliminta, kuma ba a banza ba.

Alhaji Badamasi shi ne shugaban ƙungiyar manoman da ke shan ruwan kanal ɗin Tudun Sada, tsakanin Kura da Bunkure. Nafisat kuwa ita ke kula da intanet ɗin ofishin ƙungiyar, shekara biyu ke nan tun da ta gamo difloma a Kano. Ofishin ɗaki biyu ne da rumfar kwano a bakin hanya, sai wani dogon ƙarfe a baya mai ɗauke da eriya tana fuskantar birni. Duk abin da zai fita daga ofishin ta eriyar nan yake bi, kuma layin mega goma ne, ba ƙari.

Wanda maganar ta shafa shi ne Baba Ɗanasabe, mai tsaron ƙofar ruwa. Shekara ashirin da shida mukullin ƙofar nan yana rataye a wuyansa. Bara aka kafa masa wata 'yar na'ura a bukkarsa. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai duba sandar awo da ke tsaye cikin kanal, ya danna lambar da ruwa ya kai, ya danna koren maɓalli. Saƙon ya biyo iska ya zo ofis, daga ofis ya bi babbar eriya ya isa wurin masu sakin ruwa daga sama. Da lambar nan suke sanin ko su ƙara ko su rage. In ba ta zo ba, sai su bar ruwa yadda yake jiya.

To, tun da aka fara dashen shinkafar rani saƙon ya daina zuwa. Ranar Juma'a kaɗai yake isa. Rana ta buɗe, kowa na jan ruwa, ba a ƙaro daga sama ba, sai dashen mutanen ƙarshen kanal ya fara yin ɗorawa-ɗorawa yana kwanciya. Suka zo ofis da laka a ƙafa da ɓacin rai a fuska. Aka kira Baba Ɗanasabe, ya rantse da Allah bai taɓa fashi ba, ya ce sai dai in sabis ne.

"Tsufa ne ya zo," in ji Alhaji bayan tsohon ya fita. "Ranar Juma'a kawai yake tuna Allah ya tashi da wuri. Nafisat, duba mana, sabis ɗinmu na cika da safe?"

Abin da za ta duba ba wani boyayye ba ne. A cikin akwatin da ke raba intanet akwai wani maƙirgi da ke ƙirga duk ɗigon data da ya wuce, kamar mitar wuta, gaba kawai yake yi. A kwamfutarta kuma akwai manhajar da ke leƙa maƙirgin nan duk bayan minti biyar, ta ɗauki lambar. Sai ta cire lambar ɗazu daga ta yanzu, abin da ya rage shi ne abin da ya wuce. Ta raba shi da daƙiƙa ɗari uku, ta gwada da mega goman da layin ke iya ɗauka, ta ɗiga ɗigo a kan zane. Ɗigo kan ɗigo ya zama koren layi mai hawa da sauka. Nafisat ta jawo zanen sati biyu. Tsakanin ƙarfe shida da takwas na safe layin bai taɓa haura kashi talatin cikin ɗari ba.

"Hanya a buɗe take, Alhaji," ta ce. "Ko kashi ɗaya cikin uku ba a ci ba. Da an turo, da ya wuce."

Abin da ta rubuta ke nan. Ranar Litinin aka karanta takardar a gaban kwamiti, aka ce wa Baba Ɗanasabe ranar Alhamis ta mako mai zuwa ya zo da mukullin ya miƙa. Bai ƙara rantsuwa ba. Ya dubi takardar, ya dubi Nafisat, ya ɗauki kekensa.

Kallon nan ne ya hana ta sakat. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi sauƙi. Kwana takwas tana gaya wa kanta kwamfuta ba ta san son kai ba, kwana takwas abinci na mata ɗanɗanon kwali. Ranar Talata ta ce wa Alhaji za ta je ta gwada na'urar kafin a damƙa ta ga sabon mai tsaro, ta hau adaidaita zuwa gada, ta ƙarasa da ƙafa ta kan gaɓar kanal.

Ta same shi yana cire ciyawa daga bakin ƙofa da doguwar ƙugiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da sakin fuska har da tambayar mutanen gida, abin da ya ƙara mata nauyi. Ta shiga bukka ta duba batir, ta duba waya, ta tura saƙon gwaji. Kafin ta ɗago kai ya isa. Lafiyar na'ura ƙalau. A gefenta akwai gwangwanin madara da 'yan tsakuwoyi a ciki.

"Baba, wannan fa?"

"Bar shi nan, 'yar nan. Tarkacen tsofaffi ne." Ya jingine ƙugiyar ya zauna a kan dakalin ƙofa. "Ni dai tambaya gare ni, in ba za ki ce na cika surutu ba. Abin nan naki da ya ce ban turo ba, yaya yake awonsa?"

"Bai ce ba ka turo ba, Baba. Cewa ya yi hanya ba ta cika ba."

"To, yaya ya san ba ta cika ba?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla, na maƙirgi da leƙe da cirewa da rabawa. Ya saurara yana gyaɗa kai, don shi ma da lamba ya tsufa. Da ta zo kan minti biyar sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ya leƙa, ya tafi, sai bayan minti biyar ya dawo?"

"Haka ne."

"Tabɗi! A tsakani wa ke gadi?"

"Ai maƙirgin bai daina ƙirga ba. Ba abin da zai wuce bai ƙirga shi ba."

"Na ji ya ƙirga. In na ce miki duro biyar ya wuce ƙofar nan a minti biyar, kin san ko ɗaya-ɗaya suka wuce, ko kuwa duka biyar ɗin suka taho a minti guda, sauran huɗun ƙofa na hamma?" Ya miƙe. "Zo ki gani."

Ya nuna mata bangon siminti na kanal. Sama da fuskar ruwa da kamar tafin hannu akwai danshi, baƙi, rana ba ta gama shanye shi ba.

"Ɗazu sanda ta ce sittin da biyu. Na shiga na sha kunu na fito, ta ce sittin da biyu. In sanda za ki tambaya, ba abin da ya faru. Amma dubi bango. Wasu can sama sun cire tiyonsu a lokaci guda, ruwa ya taso ya koma kafin in ajiye ludayi. Gaɓar da kika ga ta karye bara wajen gonar Baballe, ba ruwan yini ne ya karya ta ba, na ɗan lokaci kaɗan ne."

Nafisat ta tsaya tana kallon danshin nan. An koya musu wannan a aji, wallahi an koya musu, har ta ci jarrabawa a kai. Matsakaicin awo yana haɗiye tsini. Amma tun da ta zo ta samu manhajar a kan minti biyar, ta bar ta a haka, ba ta taɓa tambayar kanta ba. Kunya ta kama ta, irin mai sa kunnuwa zafi. Ta yi masa sallama a gurguje, ko ruwan da ya ɗebo mata a randa ba ta sha ba.

Ranar Laraba ƙarfe shida da rabi tana ofis, maigadi ma sai da ya tambaye ta ko lafiya. Ta shiga manhajar ta mai da leƙen daga minti biyar zuwa daƙiƙa biyar. Ta buɗe wani shafin da ke nuna kowace na'ura da ta hau layin da abin da take ja. Ta harɗe hannu ta zuba ido.

Bakwai saura goma, layin na kwance a ƙasa, kashi huɗu, kashi biyar. Saura biyar, haka. Har ta fara jin wani mugun daɗi, wai ko dai ita ce da gaskiya tun farko. Saura rabin minti sai ta ji birkin mota a bakin rumfa. Kafin ta waiga koren layin ya miƙe tsaye ya doki rufin zanen, mega goma cif, ya manne a can kamar an ja da rula. A ɗaya shafin wayoyi suka zubo, biyar, goma sha biyu, ashirin da uku, kowace na ja iya ƙarfinta.

Ƙarfe bakwai daidai ta ga sunan na'urar bukka ya bayyana a ƙasan jerin. Ɗan saƙo ne da bai kai nauyin gaisuwa a waya ba. Ya ƙwanƙwasa, ba hanya. Ya sake, ba hanya. Daƙiƙa talatin yana gwadawa, yadda aka tsara shi, sannan ya haƙura ya ɓace. Tsoho dai yana can ya danna maɓallinsa a kan lokaci.

Ta tashi ta leƙa ta taga. A-kori-kura ce ta Sagiru direba, bayanta cike da mata 'yan dashe, da malafunansu da kwanukan abinci ɗaure a ɗankwali. Sagiru ya sauka yana karɓar igiyoyin jera dashe da ake ajiyewa a rumfa, yana tsokanar maigadi. Matan kuwa duk kai a sunkuye, kowace da waya a hannu, wata na kara wa 'yar'uwarta a kunne, ana ta shewa. Saƙonnin murya na daren jiya, hotunan biki, bidiyon wa'azi da na girki, duk suna sauka a tare. A gaban mota, kusa da direba, wata dattijuwa ta hango ta, ta ɗaga hannu.

"'Yata! Yau da sassafe? Allah ya yi miki albarka, abin nan naki sauri gare shi!"

Gwaggo Iyatu ce, yayar mahaifinta, uwar 'yan dashen unguwarsu. Nafisat ta ɗaga hannu ita ma. Ta tuna. Ranar sunan jikar Gwaggo, ana gobe fara dashe, Gwaggo ta miƙo mata waya a tsakar gida a gaban mutane ta ce ta sa mata lambar sirrin wayifai ɗin ofis, tana son jin muryar ɗanta da ke Legas. Wa zai ce wa yayar ubansa a'a a gidan suna? Ta sa mata. Gwaggo kuwa mace ce da ko ƙuli guda ta samu a gona sai ta gutsura wa duk wadda ke layinta. Ba sata ta yi ba, a wurinta rowa ce babban laifi.

Sagiru ya ja mota. Daƙiƙa saba'in duka-duka suka yi. Layin ya faɗo ƙasa ya kwanta abinsa. Nafisat ta koma tsohon zanen mai minti biyar don ta ga yadda ya rubuta abin da idonta ya gani yanzu. Ɗan tudu ne, kashi ashirin da 'yan kai. Ranar Juma'a kuwa ba a fita dashe.

Gyaran bai ɗauke ta rabin awa ba. Ta sauya lambar sirri, ta ware wa na'urar bukka 'yar hanyarta da ba mai shiga, ta sa ta riƙa maimaita turawa har sai an amsa. Da ta gama ta zauna, sai shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ita. Ai shi ke nan, an gyara. Daga gobe saƙo zai riƙa zuwa, ruwa zai isa ƙarshen kanal, ba wanda zai tambayi dalili. Wa ya san da daƙiƙa saba'in in ba ita ba? In ta buɗe baki, takardarta ta zama ƙarya, lambar sirri ita ta fitar, shinkafar da ta ƙone a wuyanta take, ga sunan Gwaggo a bakin maza. Ta yini tana juya abin, ba ta ce wa kowa komai ba. Tsoro take ji, ba wani abu ba.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai da daƙiƙa biyu saƙo ya wuce sumul. Alhaji Badamasi ya shigo da hantsi yana duba wayarsa yana dariya.

"Kin gani ko? Sittin da ɗaya, ga shi ya iso. Da ya ji yau za a karɓi mukulli ai ya tashi. Mutum sai ya ga uwar bari! Da ma na faɗa, lalaci ne."

Wannan dariyar ce ta gama mata shawara. Ashe gyaran da ta yi a ɓoye ma wani dutsen ne ta ƙara ɗora wa tsoho a ka. Ta juya ta kunna na'urar buga takarda.

Aka taru a rumfa, 'yan kwamiti a kan benci, mutanen ƙarshen kanal a tsaye a baya. Baba Ɗanasabe ya zo da wankakkiyar riga da wata 'yar leda a hannu. Ba a ma gama shafa addu'ar buɗe taro ba ya ciro igiyar daga wuyansa ya ajiye mukullin a kan tabarma gaban Alhaji. Inda igiyar ta saba kwanciya a wuyansa fatar ta fi sauran haske.

"Alhaji, a gafarce ni, ina da magana," in ji Nafisat daga bakin ƙofa.

Ta ɗaga takardu biyu. Ta ce wannan ita ce ta farko, mai leƙe duk minti biyar, wadda ta sa wa hannu. Wannan kuwa ta jiya ce, mai leƙe duk daƙiƙa biyar, safiya ɗaya, layi ɗaya. Ta nuna musu ɗan tudun, ta nuna musu tsinin da ya doki rufi. Ta ce hanya tana cika taf na minti ɗaya da 'yan kai, daidai lokacin da Baba ke dannawa, kuma da yana makara ko da minti biyu ne da saƙonsa ya riƙa wucewa. Ta ce wayoyin 'yan dashe ne ke cika ta, kuma ba laifinsu ba ne, ita ta ba da lambar da hannunta. Ta ce saƙon yau ya iso ne don ta gyara jiya, ba don an tsorata kowa ba.

"Baba bai yi fashi ba ko sau ɗaya. Awona ne bai gani ba, ni kuma na rantse a kansa."

Can baya wani ya ce, "Amma ke dai an yi..." wani ya ce masa ya bari. Alhaji ya karɓi takardun ya jera su a gwiwa, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Mutum ne mai saurin yanke hukunci, amma ba ya gardama da abin da ya gani.

"Naki zancen za mu zauna a kansa daga baya," ya ce mata, ba wasa a fuskarsa. Sannan ya sa hannu biyu ya tura mukullin gaban tsoho. "Malam Ɗanasabe, mun zalunce ka. Ni na fara, da bakina. Ka yafe mana."

Baba Ɗanasabe bai ɗauka nan da nan ba. Ya kwance ledarsa ya fito da gwangwanin madarar nan, ya juye shi a kan tabarma. Tsakuwoyi suka gangaro, guda goma.

"Da na zo in nuna muku wannan ne, sai kuma na ga ba shaida ba ce, kowa na iya tsintar tsakuwa," ya ce. "Ba don ku na tara ba. Da Alhaji ya ce na yi fashi, ban damu ba, na san kaina. Amma ranar da aka karanta takardar yarinyar nan, na san ba ta ƙarya, na san injinta ba ya ƙarya. Sai na ce to, ko ni ne? Ko kaina ne ya fara tafiya, ina ganin na danna alhali ban danna ba? Haka mahaifina ya fara. Shi ne kullum in na danna sai in jefa ɗaya, in rana ta yi in zo in ƙirga, in ga ko da gaske na yi." Ya tattara su da gefen hannu. "Kwana goma ko matata ban gaya wa ba."

Nafisat ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, 'yar nan. Ai kin dawo kin duba bango." Ya rataya igiyar a wuyansa, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya dubi rana. "Ku yi mini izini, an ƙaro ruwa daga sama yau, in ban je na ɗaga ƙofa ba mutanen ƙarshe ba za su gan shi ba sai la'asar."

Ya hau kekensa ya tafi. Gwangwanin da tsakuwoyin ya bar su nan a kan tabarma, ba ya bukatarsu kuma.